Farfesun Mai Jiki

Bari in faɗa tun daga farko, kada wani ya koma gida ya ɓata mini suna a majalisa: ni ban taɓa kiwon kare ba. Jinyarsa na yi. Akwai bambanci, kuma duk wanda ya taɓa zaman barandar asibiti da tabarma da buta da kula ya san shi.

Shekarata goma sha ɗaya ina tuƙa wani dattijon Balarabe a unguwar Nu'aija, a birnin Doha na ƙasar Qatar. Shi ne kafil ɗina, wato da sunansa nake zaune a ƙasar. In ba ya kusa Maigida nake ce masa, in yana kusa kuma in ce "ɗal umrak", wanda shi ne ranka ya daɗe ɗinsu. Shi kuwa Hajji yake kirana. Karatuna aji huɗu ne na firamare, daga nan mahaifina ya duba ya ga na fi amfani a tasha. Saboda haka Turancina na tasha ne, Larabcina kuma a kan sitiyari na tsince shi. Amma da su biyun na kai mutumin nan ko'ina a Doha ban taɓa ɓatar da shi ba.

A bayan gidan akwai karensa. Irin na farauta ne, wanda suke kira saluki: dogo, siriri, ciki a ɗame, kunnuwa da gashi har wuya kamar an taje. Ran da na fara ganinsa na ce a raina, mutanen nan da kuɗinsu amma suna horar da dabba da yunwa. Ashe haka halittarsa take. Ɗakinsa na da na'urar sanyi da ta fi ta ɗakina ƙarfi, kuma ban taɓa yafe masa wannan ba. Shekara goma muna gida ɗaya, ni ba na bin hanyarsa, shi ba ya bin tawa. In mun haɗu a bakin gareji sai ya dube ni, in dube shi, kowa ya kama gabansa, kamar surukai.

Wata rana da zafi ya fara, Maigida ya shafa wuyan karen ya ji kaluluwa. Ya duba bayan gwiwoyinsa, nan ma akwai. Mutumin Indiya da ke kula da shi ya tafi gida ke nan bai dawo ba, 'ya'yan Maigida kowa na wurin aikinsa, masu aikin cikin gida kuma tsoronsa suke ji. Sai aka waiwaya aka ga direba.

Na shimfiɗa tsohon bargo a kujerar baya, na yi bisimilla, muka tafi asibitin dabbobi. Likitar mace ce, 'yar Sudan, ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Daktora nake ce mata, ita kuma ta ce mini Ammu, wato baffa. Ta ɗebi jini, ta tsira wa kaluluwar allura, bayan kwana biyu ta kira mu ta ce ciwon daji ne. Ta ce ba ya warkewa, amma akwai magani da ake sa wa ta jijiya duk mako, yana kwantar da ciwon, kare ya samu watanni yana jin daɗin ransa. Sai dai maganin na kashe sha'awar abinci. Ta ba mu katan na wani abincin gwangwani, ta ɗaga yatsa ta ce, "Wannan kawai. Kada a ba shi komai bayan wannan."

Maigida ya daɗe yana shafa kan karen. Sannan ya ce, "Za mu yi. Amma ran da ya daina ci, ba zan bar shi ya wahala ba. Khalas." Wato shi ke nan, an gama. Daktora ta gyaɗa kai. A mota ne na gane abin da suke nufi: akwai allurar da ake yi wa dabba ta yi barci ba ta farka ba. To ka ga, ran karen nan a bakin kwanonsa yake.

Bayan magani na biyu ya daina ci. Na buɗe gwangwani na juye masa, ya sunsuna ya kau da kai. Ban ga laifinsa ba, don ni ma na sunsuna. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku. Kullum da safe Maigida zai dogara sandarsa ya zo ya duba kwanon, ya koma ciki. Ni kuwa na san yana ƙirge.

A rana ta huɗu mura ta kama ni, saboda shiga sanyin mota da fita zafin waje. Na ɗora farfesun kaza a ɗan rishona, na zuba masa albasa da tafarnuwa da citta da masoro da attarugu, yadda mahaifiyata take yi. Da azahar na zauna a ƙasa ina sha, ƙofa a buɗe, sai na ga inuwa. Shi ne a tsaye a bakin ƙofata, ƙafafu na rawa. Shekara goma bai taɓa zuwa nan ba.

Na ce, "Lafiya?"

Bai shigo ba, yana da tarbiyya. Hancinsa kawai ke motsi. Na ɗauko murfin wata tsohuwar kula, na zuba romo, na fifita ya huce, na tura masa da ƙafa. Ya lashe. Na ƙara da ɗan tsokar nama. Ya cinye. Ban san lokacin da bakina ya ce "sannu" ba. Ya ɗago ya dube ni, na sake cewa, "Sannu, mai jiki." Daga ranar sunan ya bi shi, ban ƙara kiransa da na Larabcinsa ba.

Yanzu bari in yi wa masu digiri bayani. A wurinmu, mara lafiya farfesu ake ba shi. Mai jego, mai kaciya, mai zazzaɓi, wanda mota ta buge, duk farfesu. Likita ya yi nasa, mu yi namu. Kuma babu asibitin da na taɓa shiga a gida da nas ba ta ce kada a kawo wa mara lafiya abincin waje ba, babu kuma gadon da ba ka samun kula a ɓoye a ƙarƙashinsa. Saboda haka da Daktora ta ɗaga yatsan nan, ni na ɗauka irin maganar da dole likita ya faɗa ce, kamar yadda dole ɗan sanda ya ce a rage gudu.

Na shiga aiki da tsari. Na je kasuwar Abu Hamour na sayo tukunya daban, ludayi daban, na ware tsohuwar jallabiya guda na sa mata suna rigar jinya. In zan yi salla sai in tuɓe ta, in wanke hannu har gwiwa, in sa ta salla. Attarugu na cire gaba ɗaya, don na lura yana sa shi atishawa. To amma farfesu ba ya zama haka fayau, sai na cike gurbin da albasa. Abincin gwangwanin kuwa, kullum gwangwani biyu nake juye wa kyanwowin bayan masallacin unguwa. A wata guda kyanwowin nan sun yi ƙiba har ba sa iya haura katanga.

Ranar Juma'a nake hutu, kuma a unguwar Fereej Abdel Aziz nake yinta, a ɗakin wani abokina ɗan zangon Kumasi da ke gadi a wani kamfani. Su shida ne a ɗakin, gado bisa gado. Tsufa ya haɗa mu da shi, da tsokana. Yana ganin buhun albasa a but ɗin mota ya ce, "Alaji, gidan abinci za ka buɗe?"

Na ce, "Jinya nake yi."

"Subhanallahi. Wa ba lafiya?"

Na gaya masa. Ya dafa mota, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya shiga ɗaki yana kiran mutane. "Ku taso ku gai da Alaji, an ƙara mishi girma. Da direban mutum ne, yanzu kukun kare ne!" Sannan ya juyo. "Shekara takwas ina abota da kai. Na yi malariya, na yi ciwon haƙori, ko romo ka taɓa kawo mini?"

Na ce, "Kai in ka yi ciwo ci kake ƙarawa. Shi wannan mai kunya ne."

"Kuma da hannun nan za ka ci waakye da mu?" Shinkafa da wakensu na Gana yake nufi.

"Na wanke sau bakwai. Kai naka sau nawa ka wanke tun safe?"

Suka yi ta yi har la'asar. Ban damu ba, don na san abin da sikeli ke faɗa. Duk ranar magani sai an ɗora Mai Jiki a sikeli, kuma duk mako sai ya ɗan ƙaru. Kaluluwar ta sace. Ya fara bina har bakin mota. Daktora ta ce, "Ka gani, Ammu? Abincin nan yana da kyau ƙwarai." Na ce, "Ƙwarai, Daktora." Ai ban yi ƙarya ba, kyanwowi shaida ne. Maigida kuwa ya zo ya tarar da kwano a lashe, ya dafa kafaɗata ya ce, "Hannunka na da albarka, Hajji." Na ji kamar an naɗa ni hakimi.

Wajen mako na takwas Daktora ta ɗaga leɓen karen ta duba dasashinsa, ta ɗan ɓata fuska. Ta ɗebi jini. Ta ce jininsa ya yi ƙasa, wataƙila maganin ne, a ɗaga na wannan makon a gani.

Ranar Juma'a na kai maganar gaban abokina. Yanzu ya daina dariya, ya koma mai ba da shawara. Ya ce, "Jini ya yi ƙasa? Wannan ai ba abin zuwa asibiti ba ne. Albasa. Tsohuwata a Kumasi da albasa ta tashi ƙanena."

Na ce, "Abin da na ce ke nan. Da tafarnuwa."

"Da tafarnuwa."

Haka manyan likitoci biyu, mai aji huɗu da mai aji shida, suka zauna a kan gadon ƙarfe suka yanke shawara. Na koma na ninka albasa.

A mako mai zuwa Mai Jiki bai iya hawa mota ba. Ni na ɗauke shi, da rigar jinya, ƙirjinsa a ƙirjina, ina jin zuciyarsa na bugawa da sauri kamar ta tsuntsu. Fitsarinsa da safen nan ya yi kalar shayi ba madara. Dasashinsa fari fat. Daktora ta duba, ta ce in kira Maigida ya zo da kansa. Na koma Nu'aija na ɗauko shi.

A gabana ta yi masa bayani, a hankali, da Larabci mai sauƙi har ni ina ganewa. Ta ce jinin ya faɗi ƙwarai. Ta ce abin da take tsoro shi ne ciwon ya shiga ɓargo, inda ake yin jinin, kuma in haka ne babu sauran abin yi sai wahala. Maigida ya jingina da sandarsa ya ce, "Gobe da safe. Bari yara su zo su gan shi yau." Suka ce in ɗan jira a waje za su cike takardu.

Na zauna a benci. A bangon da ke fuskantata akwai wata takarda mai hotuna da na yi wata biyu ina kallo: inabi, cakulan, albasa, tafarnuwa, kowanne an ja masa jan layi. Tun ranar farko na fassara wa kaina ita: an hana cin abinci a nan. Har na yaba musu, na ce mutanen nan akwai tsabta. Ran nan, saboda idona ya ɗan yi ruwa kuma ba na son ma'aikata su gani, sai na ciro tabarau na sa. Da na ɗago, sai na ga a can ƙasan takardar akwai ɗan ƙaramin hoton kare a kwance, harshe a waje. Na tashi na matsa. Na haɗa baƙaƙen Turancin ɗaya bayan ɗaya, da yatsa, yadda malamin aji uku ya koya mana. Ba mutane aka hana ba. Abubuwan da ke kashe kare ne aka jera.

Na koma na zauna.

Ga yadda lissafin yake, kuma ba sai mai digiri ba. In na yi shiru, gobe da safe a yi masa allura, kowa ya ce ciwon daji ne, ni kuma in ci gaba da zama Hajji mai hannu da albarka. Babu wanda ya sani sai ni da mutumin Kumasi da kyanwowi. In na yi magana, to na faɗa da bakina cewa wata biyu ina shayar da karen kafil ɗina guba, ina yi wa likita murmushi. An sallami direbobi a kan abin da bai kai wannan ba. Kuma ban ma san ko maganar tawa za ta cece shi ba.

Ba zan ce ban yi tunanin shirun ba. Na yi. Har na fita waje na tsaya a jikin mota a cikin ranar nan mai narka kwalta. Sai idona ya faɗa kan kular a kujerar gaba. Farfesun da na dafo da asuba ne, don in ba shi a hanyar dawowa. Na tuna yadda yake ɗagowa ya dube ni duk lokacin da na ce sannu. Shi dai bai taɓa sunsuna abin da na ba shi da zargi ba.

Na ɗauki kular na shiga. Ban ƙwanƙwasa ba. Na ajiye ta a kan teburin Daktora, a kan takardun da Maigida ke shirin sa wa hannu, na buɗe murfin. Ƙamshi ya cika ofis. Ko a wannan hali sai da na ji a raina cewa farfesun ya yi.

Daktora ta ce, "Ammu, mene ne wannan?"

"Abincinsa."

"Abincin wa?"

"Na mai jiki. Wata biyu ke nan. Gwangwaninki ko ɗaya bai ci ba."

Ta ɗauki cokalin shayinta ta juya romon. Albasa ta taso. Ta sake juyawa, wata ta taso. Ta ce, "Guda nawa?"

"Manya uku a tukunya."

"Uku!"

"Da. Wannan makon shida. Kin ce jininsa ya yi ƙasa."

Ta dafe kai da hannu biyu. Abin da ta faɗa bayan nan da Larabcin Sudan ne mai gudu, kuma na gode Allah da ban gane rabinsa ba. Tana cikin faɗan sai ta tsaya cak, ta fita da sauri. Ta bar ni da Maigida da kula a buɗe. Bai dube ni ba. Ni kuma na duƙufa kallon tayil ɗin ƙasa, har yau zan iya zana maka shi.

Da ta dawo daga duba jinin a madubinta mai girmama ƙananan abubuwa, fuskarta ta canja. Ta ce wa Maigida albasa na farfasa jinin kare, kuma ta ga alamar hakan ƙarara. Ta ce, "Ba ɓargo ba ne. Ba ciwon ba ne. Wannan ana gyarawa." Ta ce a samo wani kare lafiyayye a ɗebi jininsa a ƙara masa. Sannan ta juyo gare ni, ta nuna ni da cokalin nan. "Kai ka kusa kashe shi, Ammu. Kuma da ka yi shiru, da ni zan kashe shi gobe." Ta tattara takardun ta jefa a aljihun tebur.

A hanyar gida Maigida taga ya yi ta kallo. Washegari ma haka. Aka ɗauko karen ƙanensa aka ɗebi jini. Ni dai ina tuƙi, ina jiran a ce in haɗa kayana. Har na fara duba wace jaka ce za ta ɗauki rishona.

Bayan kwana uku aka sallamo Mai Jiki, dasashi ya fara ja. Babban ɗan Maigida ya ba da umarni cewa direba ya tsaya a tuƙi, abinci kuma gwangwani, mai aikin kicin za ta riƙa turawa ta ƙofa. Na koma kan sitiyarina. Kwana biyu kwanon nan yana dawowa yadda aka kai shi. Ina jin karen daga ɗakina yana zagaye, ni ma ina zagaye.

A rana ta uku bayan la'asar na ji ƙarar sanda a kan siminti, ta zo ta tsaya a ƙofata. Shekara goma sha ɗaya Maigida bai taɓa zuwa ɗakina ba. Na miƙe na ce, "Ɗal umrak."

Ya leƙa, ya dubi gadon, ya dubi jakar da na sauko da ita. Ya ce, "Hajji, ina tukunyar?"

Na nuna ta.

Ya miƙo mini takarda da rubutun Daktora. "Yalla, maza ɗora ta. Amma abin da ke nan kawai."

Abin da ke takardar: kaza, shinkafa, kabewa, karas. Ba albasa, ba tafarnuwa, ba citta, ba gishiri, ba magi. Na kira Daktora a waya na ce, "Daktora, da girmanki, wannan ba farfesu ba ne. Wannan wankan kaza ne." Ta ce, "Ammu, in na sake jin warin albasa a jikin karen nan, kai zan yi wa allurar."

Na dafa. Na kai masa. Ya sunsuna ya kau da kai, ya kwanta. Na zauna a ƙasa kusa da shi ina tunanin me ya rage. Sai na tuna ranar farko. Ai ba kai masa na yi ba. Ni nake sha, shi ya zo. Kuma haka majinyacin kirki yake yi a gida: ba ya dangwara wa mara lafiya kwano ya fita, zama yake yi, ya fara kurɓa, ya ce kai, wannan romo ya yi daɗi, har mai jiki ya ji kwaɗayi.

Na koma na ɗauko kwanona, na zuba daga tukunyata, don ta jinya ba ta taɓa bakina. Wato sai da na dafa wankan kazan nan kashi biyu. Na zauna na kurɓa da ƙara. Jama'a, na sha magani iri-iri a rayuwata, na sha maɗaci, na sha sabara, ban taɓa shan abin da ya kai wannan rashin mutunci ba. Na ce, "Kai! Daɗi!" Kunnensa ya motsa. Na sake kurɓa. Ya tashi. Ya sa baki. Na ce, "Sannu." Ya lashe kwanon har yana tura shi jikin bango.

To haka muka yi, safe da yamma, wata bakwai. In ban sha ba, ba zai sha ba. Na gwada yaudararsa da kwano ba komai ina ƙarar kurɓa, ya dube ni irin kallon da alƙali ke yi wa mai shaidar zur. Hawan jinina ma ya sauka, likitan kamfanin inshora har yana tambayata sirrin. Ban faɗa masa ba.

Wata Juma'a ban je Fereej Abdel Aziz ba, sai ga mutumin Kumasi a bakin get da kaza a leda. Ya ce ya zo dubiya. Ya tsaya can nesa, taku goma, hannu a baya, ya ce, "Ya mai jiki?"

Na ce, "Da sauƙi. Matso mana, likita. Ai da shawararka aka yi."

"Ni albasa na ce. Ban ce buhu ba."

Na zuba masa wankan kaza a kofi, na ce al'adar gidan ce, mai dubiya sai ya taya. Ya kurɓa sau ɗaya, ya dube ni, ya ce, "Alaji, Allah ya riga ya hukunta ka, ba sai na ƙara ba."

Da sanyi ya shigo, Maigida ya kafa tanti a sahara kamar yadda suke yi duk shekara, muka tafi da Mai Jiki. Aka kwance masa igiya. Ya tsaya yana shaƙar iska, sannan ya zabura. Ba nisa ya yi ba, kuma da ya dawo sai da ya kwanta rabin yini. Amma na ga gudun, cikinsa kamar ba ya taɓa ƙasa. Shekara goma ina zargin mutanen nan da horon yunwa, sai ran nan na gane abin da aka ƙera shi don shi. Maigida na kan kujera yana dariya yana buga sanda a yashi, yana cewa, "Ka gani, Hajji? Ka gani?" Na ce na gani. Na ce kuma a tuna da wanda ya sha romon.

Kaluluwar ta dawo da zafi ya fara dawowa. Daktora ta canja magani, bai karɓa ba. Ta ce yanzu sai dai a sa masa ido. Maigida ya daina zuwa duba kwano. Ya kira ni ya ce, "Kai ne kake zaune da shi. Ran da ka ce, ranar ce." 'Ya'yansa na nan, masu digiri, likita na nan, amma mai aji huɗu aka ba maganar.

Na riƙe ta sati uku. Yana ci kaɗan-kaɗan, ina ƙara yawan kurɓata don in ja shi. Wata safiya na zauna, na sha kwano ɗaya, bai tashi ba. Na sha na biyu, na ce daɗi. Ya dube ni, ya ɗan kaɗa jela, ya mayar da kai kan ƙafafunsa. Da yamma na sake. Washegari na sake, har kwano uku. Sannan na wanke hannu, na tuɓe rigar jinya, na sa farar riga, na je falo na yi sallama.

Maigida ya ɗago. Na ce, "Ɗal umrak. Khalas."

Bai tambaye ni ko na tabbata ba. Ya ce in fito da mota.

A kan tebur ɗin Daktora, Maigida ya riƙe kansa, ni na riƙe ƙafarsa ta gaba, ina cewa sannu har ta ce ya isa. Da za mu fita ta tsayar da ni, ta ce akwai wata kyanwa da wani kare a ciki da suka ƙi ci, ko zan nuna wa masu su yadda nake yi. Na ce sharaɗina ɗaya: su za su sha romon, ni na yi ritaya.

Juma'ar da ta biyo na dafa farfesu na gaskiya, albasa shida, na kai Fereej Abdel Aziz a cikin kular nan. Mutumin Kumasi ya buɗe, ya sunsuna, ya ce, "Wace tukunya?"

Na ce, "Sha, mai jiki. Shekara takwas kana kuka."